Yadda Makarantun Firamare Ke Cin Moriyar Kwanakin Kafin Hutu

Kowane malamin firamare ya san halin da aji ke shiga in hutu ya gabato. Yara jikinsu ne kawai ke kan benci, hankalinsu ya riga ya tafi gida, malami kuwa ya duƙufa wajen cika takardun sakamako. A ƙasar Amurka, inda makarantu ke tashi hutun Kirsimeti a ƙarshen Disamba, an samo wata hanya ta cin moriyar waɗannan kwanaki.

Tun cikin shekarar 2009 aka keɓe mako guda domin ilmin kwamfuta, watau makon da ranar 9 ga watan Disamba ta faɗo ciki. Ranar ce aka haifi Grace Hopper a 1906, wata jami'ar sojan ruwa wadda tana cikin waɗanda suka fara sa kwamfuta ta karɓi umarni da kalmomi maimakon lambobi zalla. A 2013 wata ƙungiya mai suna Code.org, wadda tagwaye 'yan asalin Iran, Hadi da Ali Partovi suka kafa, ta roƙi malamai su ba da sa'a ɗaya tak a cikin makon nan don yara su gwada tsara wa kwamfuta umarni. Abin ya karɓu ƙwarai, har a 2014 Shugaba Obama ya zauna tare da 'yan makaranta ya rubuta nasa layin.

Aikin da yaran ke yi ba sabo ba ne. A 1967 Seymour Papert da abokan aikinsa suka ƙago wani harshen kwamfuta na yara mai suna Logo, wanda daga baya aka haɗa shi da wani ɗan kunkuru mai ja layi duk inda ya bi. In yaro yana son murabba'i, sai ya ce wa kunkurun ya yi gaba, ya juya dama digiri 90, ya maimaita haka sau 4. In ya ce digiri 60 sau 6, sai siffa mai gefe shida ta fito. To, a nan ne amfanin abin yake. Yaron da ya sa 80 a maimakon 90 zai ga da idonsa cewa zanen bai rufe ba, kuma ba sai an ɗaga masa bulala ba zai koma ya nemo inda lissafinsa ya karkace. Manhajar Scratch, wadda jami'ar MIT ta fitar a 2007, ta bi wannan sawu, sai dai ita umarnin an yi shi kamar tubala masu launi, yaro ya jawo ya jera.

Har wa yau akwai darussan da ba su bukatar kwamfuta sam. Tim Bell na Jami'ar Canterbury a ƙasar New Zealand da abokansa sun tattara irinsu tun shekarun 1990. Mafi shahara shi ne na kwali biyar masu ɗigo 16, 8, 4, 2 da 1. Yara biyar su tsaya gaban aji, kowa da kwalinsa. In malami ya kira 13, masu 8 da 4 da 1 su nuna nasu, sauran su kife. Da haka za a ƙirga daga sifiri har 31, kuma ta wannan hanya ce kwamfuta ke ajiye lambobi.

Amma fa sa'a guda a shekara ɗanɗano ne kurum. Ingila ta wajabta darasin daga shekara 5 a cikin 2014, duk da haka a 2017 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta ba da rahoton cewa koyarwar ba ta daidaita ba, musamman saboda ƙarancin ƙwararrun malamai. Sa darasi cikin manhaja abu ne mai sauƙi. Horar da wanda zai tsaya gaban allo shi ne aikin.

Wannan batu ya shafi Nijeriya kai tsaye. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta ta shiga jami'a kan kwamfuta baki ɗaya, alhali kuwa akwai ɗaliban da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai da jarrabawar ta matso. Makarantar ƙauye da ba ta da wutar lantarki ba za ta iya Scratch ba. Kwali biyar da alli kuwa ba su fi ƙarfinta ba, haka nan filin da za a zana murabba'i a ƙasa, yaro ɗaya ya zama kunkuru, 'yan ajinsu suna ba shi umarni.