Tal National: Makaɗan Yamai da faifansu ya ratsa Turai da Amurka

Masu iya magana kan ce kowa ya daɗe zai ga daɗau. A shekarar 2013 wani kamfanin faifai mai zaman kansa da ke Birayiton a ƙasar Ingila, mai suna FatCat Records, ya fitar da faifan wata ƙungiyar makaɗa ta birnin Yamai mai suna Tal National. Sunan faifan Kaani. Abin da ya ja hankalin masana shi ne, wannan kamfani ya yi suna ne wajen fitar da kiɗan jita na Turawa mai tsawo da nutsuwa, irin na ƙungiyar Sigur Rós ta ƙasar Aisilan, sai ga shi ya rungumi makaɗan Nijar masu kalangu da ganga.

Wanda ya kafa ƙungiyar a shekarar 2000 shi ne Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, mutumin da ya yi aikin alƙalanci da rana, da dare kuma ya rataya jita. Ya tara makaɗa daga ƙabilu dabam-dabam, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Buzanci. Duk wanda ya san yankin Dosso, daga kasuwar Gaya da ke bakin iyakar Binin da Nijeriya har zuwa Karakara, ya san cewa irin wannan cuɗanyar harsuna ce rayuwar yau da kullum ta mutanen Nijar.

Kafin duniya ta san su, makaɗan sun sha wuya. Sukan kwashe awa biyar suna kiɗa a dare guda, wajen biki ko gidan rawa, kuma saboda rashin tsarin rarraba faifai a ƙasar, da kansu suke tallar faifansu a bakin titunan Yamai. Da taimakon wani injiniyan sauti daga birnin Shikago mai suna Jamie Carter, wanda ya zo da kayan aikinsa har Yamai, aka naɗi Kaani.

Da faifan ya fita, masu sharhi a jaridun Ingila da Amurka sun yaba masa matuƙa, har wani mai sharhin jaridar New York Times ya sanya shi cikin faifai 10 da suka fi burge shi a shekarar. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne saurin jita da yadda kiɗan ke sauya taki ba tare da ya warwatse ba. Wasu sun kwatanta shi da wani salon kiɗan Turawa mai sarƙaƙiyar lissafi. To amma mai sauraro a gida ya san tushen abin: takin kalangu ne da kiɗan gargajiya aka ɗora a kan jitar lantarki.

Bayan Kaani, kamfanin ya fitar musu da Zoy Zoy a 2015 da Tantabara a 2018.

Tambayar da ta rage ga hukumomin al'adu da 'yan kasuwarmu ita ce: yaushe makaɗin Nijar zai ci moriyar basirarsa a gida, ba sai wani kamfani a Ingila ya buga masa tambari ba?