Tsokar Kifi a Kwanon Yaro

A gidaje da yawa idan aka sauke tukunya, tsokar kifi ta maigida ce, yaro kuwa sai romo da tuwo. Alhali yaron ne ya fi kowa buƙatarta, domin ƙwaƙwalwarsa ce ke kan ginuwa.

Akwai maiƙo iri biyu da jiki ba ya iya haɗa su da kansa, dole sai daga abinci: omega-3 da omega-6. Omega-6 ba mu rasa shi ba, yana nan cike a man gyaɗa, riɗi da agushi. Inda gizo ke saƙa shi ne omega-3, musamman nau'in da ake kira DHA, wanda ke shiga ginin ƙwaƙwalwa da kuma tantanin ido mai karɓar haske. Wannan gini ya fi sauri daga watanni ukun ƙarshe na ciki zuwa shekara biyu.

Shi ya sa nonon uwa ne tushe na farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nono zalla har wata 6, a ci gaba tare da abinci har shekara 2. DHA ɗin da ke cikin nono kuwa yana ƙaruwa gwargwadon kifin da uwar ke ci.

Bayan wata shida, kifin teku mai maiƙo ne kan gaba: titus, shawa da sadin na gwangwani. Tarwaɗa da ƙarfasa su ma suna da nasu, sai dai bai kai na teku ba. A tsince ƙaya tsaf, a marmasa tsokar cikin faten dankali ko miya, sau biyu a mako. Busasshen kifi ma a daka shi a barbaɗa a abincin yaro.

Waken suya da awara suna ɗauke da wani nau'in omega-3 mai suna ALA, amma kaɗan ƙwarai jiki ke iya juyawa zuwa DHA, don haka suna taimakawa ne, ba su maye gurbin kifi. Gwaiduwar ƙwai ma tana da ɗan rabonta, kuma camfin cewa ƙwai na koya wa yaro sata ba shi da tushe.

Kafin a nufi kantin magani neman man kifi mai tsada, a fara duba yadda ake rabon miya a gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ƙwaƙwalwa ma tun tana ƙarama ake ciyar da ita.