Yadda Wutar Daji Takan Shiga Gida

Garin Mairuwa yana bisa hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta nufi Gusau, cikin ƙasar Faskari. Ƙasa ce mai samun ruwan sama fiye da arewacin Katsina, don haka dawa da masara da auduga sukan yi ƙwarai. Amma ruwan da ya raya hatsi, shi ne kuma ya raya ciyawa. Gamba takan tashi har ta shige kan mutum, kyasuwa ta cika gefen gonaki da bakin hanyoyi. Ruwa yakan ɗauke wajen watan Oktoba, sa'an nan iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, busasshiya, ba ta da laima ko kaɗan. Kafin wata biyu dukan ciyawar nan ta bushe ƙayau, ba abin da take jira sai ashana.

Masu kunna ta kuwa suna da yawa. Akwai mafarauta, da samari masu neman gafiya da zomo, da masu cin zuma waɗanda kan bar bakin wuta a gindin itace, da makiyayi mai son sabon toho ya fito wa shanunsa, da manomi mai ƙone sauran kara. Har wa yau, tun wajen shekarar 2019 fitinar 'yan bindiga ta sa an bar gonaki da yawa ba a noma ba a ƙasashen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Gonar da aka nome aka girbe, shinge ce tsakanin daji da gari, domin wuta ba ta samun abin ci a cikinta sosai. Gonar da aka bari kuwa, ta koma daji, ta kawo ciyawa har bayan danga.

To, yaya wuta takan tashi daga daji ta shiga gida? Galibin mutane suna tsammani harshen wutar ne ke zuwa ya lashi ɗaki. Wannan yakan faru, amma ba shi ne mafi yawa ba. Abin da ya fi cin gidaje shi ne tartsatsi, watau guntayen ciyawa da ganye da ɓawon itace masu ci da wuta, waɗanda iska kan ɗauka ta wuce da su gaban wutar, wani lokaci har fiye da mil guda. Su sauka kamar fāri, kowane ya nemi wurin maƙalewa. Wanda ya faɗa bisa ƙasa tsiraru ya mutu nan take. Wanda ya faɗa cikin bunu, ko tarin harawa, ko ya kurɗa ta wata kafa ya shiga ɗaki, shi ne mai ɓarna.

Don a ga gaskiyar wannan, bari mu tafi wata ƙasa mai nisa, mu duba wasu gine-gine da ba a yi su da ciyawa ba, amma duk da haka wuta ta ci su.

A ƙasashe da yawa akwai abin da ake kira gidan hangen taurari. Kada mai karatu ya ɗauka gidan 'yan duba ne. A'a, wurin masana ne masu auna tafiyar rana da wata da taurari, su lissafa ranar husufi tun da sauran shekaru. Kayan aikinsu wani babban madubi ne mai jawo nesa kusa, an girke shi cikin ɗaki mai rufin ƙarfe kamar tulluwar masallaci, rufin yana buɗewa da dare. Kamar yadda masu neman jinjirin watan azumi kan fita fili inda ba abin da ya tare musu yamma, haka masanan nan sukan gina gidajensu bisa ƙwanƙolin duwatsu, nesa da ƙura da hayaƙi da fitilun birni. Watau dai a tsakiyar daji. Nan kuwa akwai haɗari biyu. Na fari, masu kashe gobara suna nesa. Na biyu, wuta ta fi gudu in tana hawan tudu, domin harshenta yakan kwanta bisa ciyawar da ke samanta, ya gasa ta tun bai isa ba. Wanda gidansa ke bisa jigawa ko gefen dutse, sai ya riƙe wannan.

A ƙasar Ostareliya, kusa da birnin Kanbera, akwai irin wannan gida bisa Dutsen Stromlo, an kafa shi a 1924. Itatuwan da aka dasa don katako sun kewaye dutsen. Su can watan Janairu ne tsakiyar zafinsu. Ran 18 ga Janairu 2003 wutar daji ta zo da iska mai ƙarfi, ta hau dutsen, ta cinye madubai 5, da ɗakin maƙera, da ɗakin littattafai, da gidajen ma'aikata. Ɗaya daga cikin maduban nan an ƙera shi tun fiye da shekara 130 kafin ranar, rufin ɗakinsa na farin ƙarfe ya narke don zafi. Daga nan wutar ta gangara unguwannin birnin, ta ƙone gidaje kusan 500, mutum 4 suka rasu. Gidajen nan na bulo ne, da yawansu kuma harshen wutar daji bai taɓa su ba. Tartsatsi ne ya kama shuke-shuken tsakar gida da shingen katako, kana gida ya ba maƙwabcinsa.

Hausawa suka ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Jami'ar da ke da gidan Stromlo tana da wani babban gidan hangen taurari a wurin da ake kira Siding Spring, cikin duwatsun Warrumbungle. Bayan asarar nan sai aka sare sarƙaƙiyar da ke kusa da gine-ginensa, aka toshe kafofin shan iska da ragar waya mai ƙananan idanu. Kusan shekara 10 bayan haka, ran 13 ga Janairu 2013, wuta ta zo musu su ma. Ma'aikata suka sauka daga dutsen tun da wuri, ba wanda ya rasu. Masaukin baƙi ya ƙone, da wasu gidaje, amma manyan madubai duka suka tsira. A ganina, ba ƙarfin wutar ne ya bambanta ba, shirin ne ya bambanta, kuma shirin ba wani mai wuya ba ne: adda, da gatari, da waya.

A Amurka ma, a watan Satumba 2020, wuta ta zo har kimanin ƙafa 500 daga gidan hangen taurari na Dutsen Wilson a jihar Kalifoniya. Masu kashe gobara suka tare ta da dabarar da manomanmu suka sani tun kaka da kakanni, watau su kunna tasu wuta a gabanta, ta cinye ciyawar, babbar ta iso ta tarar ba abinci.

Wani masanin gandun daji na Amurka, Jack Cohen, ya gwada abin da gangan. Aka kafa bangayen katako a wani daji na Kanada, wasu kusa wasu nesa, aka cinna wa dajin wuta mai tashi har ƙolin itatuwa. Bangon da ke nesa da mita 30, watau kamar ƙafa 100, bai kama ba. Dalili shi ne, wutar daji mai saurin wucewa ce, a wuri guda ba ta daɗewa tana huci. Saboda haka abin da ke cikin ƙafa 100 ɗin nan kewaye da gida, da abin da aka rufa gidan da shi, su ne masu yanke hukunci.

Yanzu sai mu komo Mairuwa mu duba namu gini da wannan ido. Kakanninmu ba su jahilci al'amarin nan ba. Ɗakin soro, wanda aka tā da bangonsa da tubali, aka jera azara, aka daɓe samansa da ƙasa, tartsatsi ba ya iya masa kome, domin ƙasa ba ta ƙuna. Shi ya sa attajiran dā suke ajiye tufafi da dukiya a soro. Haka rufewa, rumbun ƙasa mai ƙaramin baki da ake liƙewa, ta fi rumbun kara ko na zana tsira nesa ba kusa ba. Sai dai mukan ɓata wannan gado da hannunmu: mu tara harawa da karan dawa bisa soron, ko mu jingina su da bango, mu mai da abin da ba ya ƙuna ya zama murhu.

Abin da na fi tsoro a ƙauyukanmu shi ne danga. Dangar kara takan taso daga bakin gona, ta haɗu da ta maƙwabci, ta bi ta bayan rumbu, ta ƙare a jikin jinka. Lagwani ke nan, an shimfiɗa wa wuta daga daji har kan gado. Wanda ba shi da halin kewaye gida duka da katanga, to, ya gina ko gefen gabas da arewa, inda iskar hunturu ke fitowa. In wannan ma ya gagara, ya yanke dangar, ya bar tazara tsakaninta da ɗaki, ko ya sa ɗan guntun bangon ƙasa a mahaɗarsu.

Rufin kwano ya fi bunu, ba shakka, amma kada ya ruɗi mai shi. Ƙarƙashin kwano katako ne busasshe, tsakanin kwano da bango kuma akwai kafofi, inda tsuntsaye kan tara ciyawar sheƙa. Sai a liƙe kafofin nan da ƙasa ko siminti, a sa wa taga ragar waya, ba ta roba ba, mai ido ƙanana kamar rariyar tankaɗe. Man fetur na babur da na janareto, da audugar da ke jiran kasuwa, a nisanta su da ɗakin kwana da madafa.

Aikin bayan gari kuwa ba na mutum ɗaya ba ne, na mai unguwa ne da jama'arsa, a yi shi gayya. A share fili mai faɗi kewaye da gidaje da rumbuna har ƙasa ta bayyana. Ciyawar da ke bayan filin, a ƙone ta da wuri, da zarar an kwashe amfanin gona, tun tana da sauran ɗanyantaka, kamar yadda ma'aikatan gandun daji kan yi. A zaɓi maraice ko asuba, sa'ad da iska ta kwanta, mutane na tsaye da ɗanyen ganye da ruwa, a kuma sanar da maƙwabta da Fulanin da ke ruga kusa. Wutar watan Nuwamba rarrafe take yi, ana iya taka ta da ƙafa. Ta watan Fabrairu kuwa takan tsallake hanyar mota.

In kuma wuta ta riga ta taso, sai a fara fid da yara da tsofaffi, a kwance dabbobin da ke turke, a kai su inda aka riga aka ƙone ko tsakiyar gonar da aka share, ba a gudu zuwa tudu. Bayan ta wuce kada a ce an huta. A bi jinka da rumbuna da tarin taki ɗaya ɗaya har wayewar gari, domin tartsatsi yakan kwana cikin bunu yana ci a ɓoye, sai iskar hantsi ta tashi ya bayyana.