Sayen Injin Zarto A Tandabawi: A Auna Lungu Kafin A Taya Kuɗi

Unguwar Tandabawi da ke birnin Makka na daga cikin tsofaffin matsugunan Hausawa a ƙasar Saudiyya, tare da Hindawiyya da Shara Mansur. Akwai zuriyoyin da kakanninsu suka baro gida tun bayan da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a shekarar 1903, suka ratsa Sudan a ƙafa. Ga wanda ya riƙi kafinta a matsayin sana'a a irin waɗannan unguwanni, babu jarin da ya kai injin zarto mai tebur, kuma kuskure a sayensa kan cinye tarin shekaru.

Abin da ya kamata mai saye ya fara dubawa shi ne irin aikin da yake yi. Mai ƙofofi da kujeru na katako, injin da zartonsa ya kai inci 10 ko 12, mai tebur na zubin ƙarfe, ya wadatar da shi, nauyinsa kuma kan kai kilo 200 zuwa 300. Shi kuwa mai yin kabad da kayan kicin, da falankin MDF yake aiki, wanda tsawonsa santimita 244 ne, faɗinsa 122. Irin wannan sai injin da teburinsa ke tafiya, wanda kamfanin Altendorf na Jamus ya ƙirƙiro a shekarar 1906. Nauyin manyansa kan doshi tan guda, kuma yana son fili gaba da baya fiye da ninki biyu na tsawon falankin.

Sai maganar wuta, wadda a nan ne da yawa ke asara. Lantarkin Saudiyya zagaye 60 yake yi a daƙiƙa, na Turai da Najeriya da Nijar kuwa 50 ne. Idan aka sa moton da aka ƙera don 50 a kan wutar Makka, gudunsa zai ƙaru da kashi 20 cikin 100, alhali kowane zarto akwai iyakar gudun da aka rubuta a jikinsa. Haka wanda ya sayi inji a nan don aikawa Kano ko Maraɗi, can gudun zai ragu, moton kuma yana iya yin zafi. Bugu da ƙari, tun shekarar 2010 gwamnati ta yanke shawarar sauya wutar ƙasar daga bolt 127/220 zuwa 230/400, ana kuma yin sauyin ne sannu a hankali. Don haka a kira mai gyaran wuta ya auna abin da ke shago, ya kuma tabbatar ko akwai layi uku, domin manyan injuna ba sa tashi sai da shi.

Masu iya magana kan ce araha ba ta ado. Kada a karɓi injin da aka cire masa ƙarfen nan da ke bayan zarto, domin shi ke hana katako matse zarton ya dawo wa mai aiki da ƙarfi. A duba murfin zarto, a kuma girgiza shingen da katako ke bi, idan yana motsi bayan an ɗaure shi, yankan ba zai taɓa miƙewa ba.

Kawo injin shi ne rabin aikin. Yawancin manyan injuna ta tashar jiragen ruwa ta Jidda suke shigowa, kimanin kilomita 80 daga Makka. Wanda ba Musulmi ba ba ya wuce shingen Shumaisi, saboda haka a tabbatar direba da injiniyan da zai haɗa injin Musulmi ne. A kuma guji watan Azumi da lokacin aikin Hajji, lokacin da ake tsaurara shigowa gari, cunkoso kuma ya yi yawa. A tambaya ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15 cikin 100 da ake karɓa tun watan Yulin 2020, a kuma rubuta a takarda wanda zai biya kuɗin saukewa.

Aikin hanyar Sarki Abdul'aziz, da ake kira Masar, ya ci wani sashe na yankin, amma lungunan da suka rage na nan da ƙuncinsu da hawansu. Babbar mota bakin titi take tsayawa. A auna faɗin lungu da kwana da ƙofar shago tun kafin a biya ko Riyal ɗaya. Idan sai 'yan dako sun kama, a kwance teburin da fikafikansa, a tura gangar jikin a kan bututun ƙarfe, kada a ɗaga shi ta shinge. Kafin a sa hannu a takardar karɓa, a buɗe akwatin a gaban direba a duba tsaga, domin zubin ƙarfe idan ya tsage da wuya ya gyaru, kuma da zarar mota ta juya, asarar ta mai shago ce.