Tawadar da Ake Ɗab'in Naman Jiki da Ita: Gaskiya da Ƙarin Gishiri

Labari ya yaɗu a wayoyin jama'a, musamman tsakanin iyalan da suke jinyar masu ciwon ƙoda, cewa wai a ƙasashen Turawa an ƙera na'urar da take buga ƙoda ko zuciya sabuwa a cikin 'yan sa'o'i, a dasa wa majinyaci ya tashi garau. Kuma tun da yake wannan zance ya cakuɗa gaskiya da ƙarya, ya wajaba a rarrabe su, domin sa rai ga abin da bai tabbata ba yana iya cutar da mara lafiya fiye da cutarsa.

Ita dai tawadar da irin wannan na'ura take amfani da ita haƙiƙa ce. Wani abu ne mai kauri da danƙo wanda ake samowa daga halittu, kamar aljinet da ake tatsowa daga ciyawar teku, wanda yake daskarewa da zarar ya haɗu da sinadarin kalsiyam, da kolajin da jelatin da ake cirowa daga fata da ƙashin dabbobi ko na kifi. A cikinsa ake zuba ƙwayoyin halitta masu rai, na'ura ta riƙa shimfiɗa shi hawa bisa hawa, kamar yadda magini yake ɗora tubali, har siffar da ake nufi ta fito. Haka kuma gaskiya ne cewa a 2022, a San Antoniyo ta Amurka, an dasa wa wata budurwa kunnen da kamfanin 3DBio Therapeutics ya buga da kolajin da ƙwayoyin guringuntsinta.

Amma batun ƙoda da zuciya, a nan ne aka yi ƙarin gishiri. A 2011 Dokta Anthony Atala na Jami'ar Wake Forest ya nuna wa taro samfurin ƙoda da aka buga, jaridu suka ɗauka mai aiki ce, har sai da jami'arsa ta fito ta gyara maganar. Zuciyar da aka buga a Jami'ar Tel Abib a 2019 kuwa, girmanta bai wuce na zuciyar zomo ba, ba ta kuma iya harba jini. Dalilin a fili yake: yawancin ƙwayoyin halitta ba sa rayuwa in sun yi nisa da jijiyar jini fiye da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita, alhali kowace ƙoda tana ɗauke da matatai kusan miliyan ɗaya, kowacce da siraran jijiyoyinta. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, shi ya sa kunne ya riga ƙoda samuwa.

Ta fuskar addini kuma, masu cewa wannan aiki da'awar halitta ce ba su da hujja, domin na'urar ba ta ƙaga rai, sai dai ta jera ƙwayoyin da Allah Ya riga Ya halitta. Mas'alar da ta cancanci nazarin malamai ita ce ta ɗahara, saboda lalle ana yin jelatin mai yawa da fatar alade. Taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 ya tafi a kan cewa istihala, wato sauyawar abu daga asalinsa zuwa wani abu daban, tana tsarkake shi, ko da yake wasu fuƙaha'u sun saɓa. Amma cewa dukkan tawadar najasa ce kuskure ne, tun da akwai ta kifi da ta tsiro.

Har yau ba a dasa wa ɗan Adam bugaggiyar ƙoda, ko hanta, ko zuciya ba. Wanda yake da majinyaci kada ya bar wankin ƙoda saboda wannan labari, kada kuma ya miƙa dukiyarsa ga duk wanda ya yi masa alkawarin bugaggiyar ƙoda a wata ƙasa.