Kunya Ba Ta Hana Karɓar Gado

'Yan'uwana mata, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mace tana ɗaka tana takaba, ana kasafta dukiyar mijinta a zaure, ita kuwa ta yi gum wai kunya. Haba 'yar'uwa! Allah da kanSa Ya yanka miki rabonki a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12.

Kafin a raba ko allura, sai an fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, sannan wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi, ba a kuma yin ta ga magaji. Ragowar sadakinki bashi ne, ki faɗa. Kwallayenki da keken ɗinkinki naki ne, ba sa shiga rabo.

Matar mamaci tumuni gare ta in ya bar 'ya'ya, rubu'i in babu. Ko ku huɗu ne shi za ku raba. Ɗiya tana da rabin kason ɗan'uwanta namiji, in kuwa tilo ce rabin dukiyar nata ne.

Baffa ya ce zai juya muku kasonku? Ni dai shawarata a rubuta, a sa shaidu. In ya ƙi, ƙofar alƙali a buɗe take.