Shin Duniya Tana da Mafari?

A cikin tambayoyin da 'yan Adam suka daɗe suna yi, da wuya a sami wadda ta kai wannan tsufa: shin duniya tana da mafari, ko kuwa haka take tun fil azal? Abin da ake nufi da duniya a nan shi ne halitta baki ɗaya, watau ƙasa da rana da wata da dukan taurarin da ke cikin sararin samaniya. A kowane addini akwai mutanen da ke ganin irin wannan tambaya tana raunana imani, saboda haka gara a ƙyale ta. Akwai kuma waɗansu masana kimiyya da suka ɗauke ta aikin banza, don a ganinsu babu ma'aunin da zai iya amsa ta. Tarihin tambayar ya nuna cewa duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa.

Manyan malaman Musulunci na da ba su guje mata ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya tafi a kan cewa duniya ba ta da farko a cikin lokaci, ko da yake daga Allah samuwarta take. Imam Gazali ya ƙi wannan ra'ayi ƙwarai, har ya kafirta masu shi. Amma kafin ya yanke hukunci sai da ya zauna ya nazarci littattafan masu falsafa, ya san hujjojinsu ciki da bai, sa'an nan wajen 1095 ya rubuta Tahafutul Falasifa. Mas'aloli 20 ya tattauna, ta farkonsu kuwa ita ce wannan ta mafarin duniya. Daga baya Ibn Rushd, alƙalin Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya bi littafin mas'ala bayan mas'ala yana mayar da martani. Dukansu da hankali da alƙalami suka yi aiki, domin a zamaninsu babu na'urar da za ta raba gardamar.

Har zuwa farkon ƙarni na 20 yawancin masana kimiyya sun ɗauka sararin samaniya a tsaye yake, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Shi kansa Albert Einstein, da ya ga lissafinsa yana nuna cewa samaniya ba za ta iya zama wuri ɗaya ba, sai a 1917 ya cusa wani adadi a cikin lissafin don ya tsayar da ita. Wani masanin lissafi na Rasha, Alexander Friedmann, ya nuna a 1922 cewa samaniya tana iya faɗaɗa, amma ba a kula da shi sosai ba.

Wanda ya sake tayar da maganar limamin Katolika ne ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaitre, malami a Jami'ar Louvain. Ga abin da ya tsaya masa a rai. Masu duba samaniya sun lura cewa hasken da ke zuwa daga gungu-gungun taurari masu nisa yana karkata zuwa ja. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen titin jirgin ƙasa ya san yadda kukan jirgi yake sauyawa ya yi kauri da zarar ya wuce yana nisa. Haka haske yake: in abin da ke ba da shi yana nisanta, sai launinsa ya koma wajen ja. To, me ya sa kusan dukan gungu-gungun nan suke nisanta? A 1927 Lemaitre ya amsa cewa sararin ne da kansa yake faɗaɗa, kamar balan-balan da aka ɗiɗɗiga wa tawada ana hura ta, kowane ɗigo yana ƙara nisa da 'yan'uwansa.

Da suka haɗu a wannan shekara, Einstein ya gaya masa cewa lissafinsa daidai ne, amma ra'ayin ba abin karɓa ba ne. Ba a daɗe ba, a 1929, Edwin Hubble ya bayyana sakamakon awon da ya yi da babban madubin hangen nesa na Dutsen Wilson a Kalifoniya: gungun da ya fi nisa shi ya fi saurin nisanta. A 1931 Einstein ya janye adadin nan da ya cusa. A cikin shekarar kuma Lemaitre ya ƙara wata tambaya: in samaniya tana faɗaɗa yau, yaya take jiya? In aka bi sawu baya, lalle za a isa lokacin da kome yake dunƙule wuri ɗaya.

Nan fa gardama ta tashi. Waɗansu suka yi zargin cewa limami ne kawai yake neman shigar da addininsa cikin kimiyya ta ƙofar baya. Fred Hoyle na Ingila da abokansa biyu suka fito da nasu ra'ayi a 1948, cewa samaniya ba ta da farko, ba ta da ƙarshe. Hoyle ne ma, a wata lacca da ya yi a rediyon BBC a 1949, ya laƙa wa ra'ayin abokin hamayyarsa sunan da ya bi shi har yau, watau Babbar Fashewa.

Daga ɗaya gefen kuma, a 1951 Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna cewa kimiyya ta zo ta gaskata labarin halitta. Abin mamaki, Lemaitre bai ji daɗin wannan ba. A ganinsa ra'ayin kimiyya abu ne da wani sabon awo zai iya rushewa gobe, don haka wanda ya jingina imaninsa a kansa ya jingina da zana. Ya tsaya a kan cewa lissafinsa yana bayyana yadda samaniya ta faɗaɗa daga wani hali na farko, amma dalilin samuwarta tambaya ce dabam, wadda madubin hangen nesa ba zai hango amsarta ba.

Abin da ya raba gardamar ya zo ne daga mutum biyu da suka ƙi raina ƙaramin abu. A 1964, a jihar New Jersey ta Amurka, Arno Penzias da Robert Wilson suna gwada wata babbar eriyar rediyo, sai suka riƙa jin wani ɗan shuu wanda ya ƙi ɓacewa. Ko'ina suka juya eriyar, dare da rana, yana nan. Suka duba wayoyi, suka kori tantabarun da suka yi sheƙa a ciki, suka share kashinsu, shuu bai daina ba. Da suka tambayi masana na Jami'ar Princeton, sai aka gane ashe ragowar zafin farkon duniya ne, wanda ya huce har ya sauka zuwa wajen digiri 270 ƙasa da sanyin ƙanƙara. An buga labarin a 1965, ya kuma isa kunnen Lemaitre jim kaɗan kafin mutuwarsa a 1966. Penzias da Wilson suka sami kyautar Nobel a 1978.

Awon da aka bayyana a 2013 ya nuna cewa faɗaɗar ta faro ne shekaru wajen miliyan 13,800 da suka wuce. Duk da haka tambayoyi ba su ƙare ba. A 1998 aka gano cewa saurin faɗaɗar ƙaruwa yake yi, kuma duk abin da aka san irinsa, daga ƙura har taurari, bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da samaniya ta ƙunsa ba.

Alƙur'ani mai girma ya ba da labari, a cikin Suratul Baƙara, cewa Annabi Ibrahim, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu, alhali yana mai imani, domin zuciyarsa ta natsu. Saboda haka idan ɗalibi ya komo gida daga makaranta, ko a Kumasi ko a Khartum ko a Landan, ya tambayi iyayensa ko malaminsa yadda abin da ya ji a aji ya dace da abin da aka karantar da shi a zaure, tsawa ba za ta kashe tambayar ba, sai dai ta sa ya kai ta wani wuri. Abin da zai amfane shi shi ne a nuna masa wace tambaya ce awo ke amsawa, wacce kuma ta fi ƙarfin awo. Hausawa dai sun ce matambayi ba ya ɓata.